Hannun Baba da Na'urarka

Zuwa ga ƙanena, Autan Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri, ya kare ku a inda kuke. Mu ma nan lafiya lau, yara suna ta makaranta, maigidana kuma yana fama da shago.

Ka ce in ba ka labarin na'urar da ka nema wa Baba a asibiti, to ga shi. Ɗaki ne mai sanyi, da kujera, da wani hannun ƙarfe mai gwiwa kamar na mutum. Likitar gashin ƙashi takan ɗaure masa hannun dama a jikinsa da maɗauri, shi kuma ya zuba wa allo ido yana ƙoƙarin tura ƙwallo cikin kwando. In ƙarfinsa ya ƙare, na'urar ta ƙarasa masa a hankali, in ya ci kuwa ta yi wani kuka irin na tsuntsu, Baba ya washe baki. Mutumin da ya hana mu wasan ƙwallo muna yara! Ni dai ina gefe a kan benci, rungume da jakarsa da hularsa.

Ba zan ɓoye maka ba, Auta, kishi nake yi, har kunyar kaina nake ji. Tun ranar da ɓarin jikinsa ya shanye ni ke juya shi, ni ke matsa masa hannun nan da man zafi har tafina ya yi kanta, ban taɓa jin ya ce ya motsa saboda ni ba. Amma duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa Auta ya aiko masa da sabon hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Likitar ma ta fama min miki, ta ce in daina ba shi abinci a baki, in daina saka masa maɓalli, wai taimakona ne ke koya wa hannun lalaci. Yanzu sai in zauna ina kallon cokali yana rawa, miya tana zuba masa a riga, in na yunƙura ya ce in bar shi, haka na'urarka ta koya masa.

Ka tuna ranar da ka kira muka ga juna a waya? Ranar ce hannun ya fara tashi har kafaɗa ba tare da na'ura ba. Ina durƙushe a gabansa, na ga yana tasowa yana karkarwa, na sunkuyar da kai don na zaci ni zai dafa. Sai ya wuce ta saman kaina, ya shafa fuskarka a gilashin wayar yana sa maka albarka. Kai kuma kana ta cewa hoton yana rawa, ko sabis ne. Ba sabis ba ne, Auta, hannuna ne da ke riƙe da wayar.

Kada ka faɗa masa, kada kuma ka ce za ka dakatar da zuwa asibitin. Jibi ma da sassafe zan kai shi.

Ka gaishe min da matarka da takwarata, ka ce mata gwaggo tana kewarta. Baba da maigidana suna gaishe ku. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka.