Jan Layin Bokiti

Zuwa ga Maman Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da yara. Yaya jikin Baba? Saƙonki cewa ya daina cin abinci ya hana ni sukuni.

Na nemi izinin tahowa, Manaja ya nuna min bokiti. Kada ki yi dariya. A filin golf ɗin nan, ciyawar da ke kewaye da rami sai ta kwanta lumui kamar darduma, in ba haka ba ƙwallo ba ya gudu. Kowace safiya nakan aske ta da inji, in juye askin a bokiti mai jan layi. In ya wuce layin, tana tsiro da yawa ke nan, sai aski da feshin maganin rage tsiro. Ga gasa na tafe, ga ruwan sama ba ya ɗaukewa. Manaja ya ce ranar da askin ya sauka ƙasa da layi, in kama hanya.

Ki gaida Baba, ki ce ina nan tafe.

Mijinki,
Dogo

Maman Auta,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Jiya bokiti har ya yi tozo. Na zama kamar kazar da ke neman wurin ƙwai: in zauna, in tashi, in je in tsuguna ina hararar ciyawa. Abokan aiki suna tsokanata wai na fara zance da ita.

Kin ce Baba kullum yana addu'a gonar ɗansa ta yi ta tsiro, yana kuma faɗa wa masu dubiya cewa manomin kirki ba ya barin gona tana kan yabanya. Na yi dariya har na yi hawaye. A wurinsa duk abin da ya yi kore arziki ne. Ta yaya zan fahimtar da shi cewa nomana hana tsiro ne, amfanin gonata kuma juji ake kai shi? Kada ki gyara masa. Amma wallahi tsoro nake ji.

Naki,
Dogo

Maman Auta,

Ina gaishe ki, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya saka miki da jinyar da kika yi a madadina.

Yau askin ya sauka ƙasa da layi. Abokan aiki suka yi shiru, Manaja ya dafa kafaɗata ya ce in tafi. Tun daga ranar da Baba ya rasu ciyawar ta fara ja da baya. Sun ce sanyi ne ya shigo. Ni dai na san wanda ya daina yi mata addu'a.

Gobe zan taho. Ki ce wa ƙanena kada ya nome ciyawar bayan ɗakin Baba, ya bar ta yadda take. Ina so in zauna kusa da wadda ba wanda ya auna.

Mijinki,
Dogo