Bututun Ɗakin Ƙarshe

Daura, 9 ga Janairu, 2004

Zuwa ga ɗana Nu'umanu,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fata kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan sai godiya.

Akwai wata magana da na daɗe ina ji a gari ban taɓa ba ta kunne ba. Wai ɗakin ƙarshe na ɓangaren mata a asibitin Dakta Hafizu ba ya samun iska, wai mai ciwon ƙirji in aka kwantar da ita can sai abin ya ƙaru. Na fara jinta a bakin mai shayin ƙofar asibitin, mutumin da ko ruwan shayinsa ba a yarda da shi ba, balle labarinsa. Na yi dariya, don ni na ƙera bututun da ke kai iska ɗakin.

Ka tuna shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Dakta ya raba maza da mata, ya ƙara gini ta baya. Injiniyan da ya kafa injin sanyin ya bar takarda, ya ce a yi sabon bututu mai faɗin inci goma sha shida. Na dubi nisan, ƙafa sittin, na ce wannan yaro bai taɓa zama a maƙera ba. Kowa ya san bakin zugazugi sai an matse shi iska take fita da ƙarfi. Sai na yi shi inci takwas don iskar ta isa da ƙarfinta. Da na tarar da bim, wato azarar kankare, a cikin silin, na kewaye shi da gwiwa huɗu, wato na lanƙwasa bututun sau huɗu. Ɗinkin ya yi kyau, har yau ba inda yake yoyo.

Ka san a ɗakin nan Innarku ta yi kwana tara bazarar da ta wuce, a nan kuma Allah ya karɓi abarsa. Tunda aikin injinan sanyi kake yi a Kaduna, ka duba min. Kada ka lallashe ni, na wuce shekarun lallashi.

Ka gaida maiɗakinka Rauda da yara.

Baffanka,
Mainasara Maƙeri

Kaduna, 21 ga Janairu, 2004

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri. Wani direba ya kawo min takardarka. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Baffa, maganar zugazugi gaskiya ce, amma matsinsa a baki kawai yake, bai fi tsawon yatsa ba. Bututu kuwa tafiya ce. Duk inda iska ta bi tana gugar jikin kwanon bututun, gugar nan tana cinye ƙarfin da fankar injin ta ba ta. In hanya ta matse, dole iskar ta ƙara gudu, gugar ta ninka. Shi ya sa ba ma zaɓar faɗi da ido. Muna fara sanin yawan iskar da ɗaki ke bukata, mu yanke iyakar ƙarfin da muka yarda ya ɓace a kowace ƙafa ɗari, sannan mu duba jadawali ya ba mu faɗin. In aka rage faɗin da rabi, kuma ana son iska ɗaya ta wuce, asarar takan kai ninki talatin. Kowace gwiwa mai kaifi kuma tamkar an ƙara wa bututun tsawo ne.

Amma ba zan yanke hukunci daga nan ba. Ka samu tiyo mai haske irin na magina, ka lanƙwasa shi, ka zuba ruwa zuwa rabi. Ka huda bututun a farkonsa ka sa baki ɗaya na tiyon, ka ga yadda iska za ta tura ruwan. Ka sake yin haka dab da ɗakin. In aikin daidai ne, bambancin wuri biyun ba zai wuce kaurin ƙwayar gero ba.

Don Allah kada ka hau tsani da kanka.

Ɗanka,
Nu'uman

Daura, 2 ga Fabrairu, 2004

Nu'umanu,

Bayan gaisuwa. Na hau tsanin da kaina. Wanda ya ɗinka shi ya kamata ya huda.

Na ce wa Dakta zan duba ɗinki ne, ban ce masa komai ba bayan haka. Wata nas ta tsaya tana kallona da tiyo a hannu, ta ce, "Baba, ko ƙarin ruwa za ka yi wa silin?" Na ce mata shi ma ya daɗe yana jinya.

A farkon bututun ruwa ya motsa ya kai faɗin babban yatsana. Dab da ɗakin kuwa ko gezau. Na cire, na hura tiyon da bakina don in tabbata bai toshe ba, na mayar. Haka dai. Na sauko na shiga ɗakin, na ɗaga zaren bakin rawanina a gaban ragar da iska ke fitowa. Da ƙyar ya karkata. Shekara uku ina wucewa ƙarƙashin ragar nan, ina jin ƙugin injin daga nesa ina cewa aiki na tafiya. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma an rufe ta da gilashi saboda sanyin da aka ce yana zuwa.

A gadon da Innarku ta kwanta akwai wata tsohuwa daga Kongolam, jikarta tana yi mata fifita da murfin kwano. Yanzu ma da sauran sanyi a gari. Saura wata ɗaya zafi ya sauko.

Abu ɗaya nake tambayarka, kuma ka san shi. Da na bi takardar injiniyan, da Innarku tana nan?

Baffanka

Kaduna, 11 ga Fabrairu, 2004

Baffa,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarka sau uku kafin na ɗauki biro.

Ka ce kada in lallashe ka. Bisa lissafina, abin da ke isa ɗakin bai fi kashi ɗaya cikin biyar na iskar da ya kamata ba. Wannan kuskuren bututu ne, ba na injin ba. Mai ciwon ƙirji a ɗaki irin wannan cikin bazara za ta sha wuya fiye da yadda ya kamata. Iya abin da na sani ke nan. Tambayarka kuwa ba ta cikin jadawalina. Inna ta shekara goma da ciwon nan, kuma wa'adi na Allah ne. In na ce maka e, na yi ƙarya. In na ce a'a, ban da tabbas.

Ga zane na haɗo: inci goma sha shida, gwiwa biyu masu lanƙwasa a hankali maimakon huɗun. Sai dai ba a sauke silin sai da sanin mai asibiti. In faɗa masa ya yi maka nauyi, ni zan rubuta masa, in ce gyaran zamani ne.

Ɗanka mai biyayya,
Nu'uman

Daura, 27 ga Fabrairu, 2004

Nu'umanu,

Bayan gaisuwa. Ba sai ka rubuta ba. Na je ofishin Dakta ranar Litinin, na ajiye masa takardar injiniyan ta farko da zanenka, na ce ga abin da aka ce in yi, ga abin da na yi. Ya duba takardun biyu, sannan ya sa aka mayar da tsohuwar Kongolam ɗakin gaba. Mun sauke tsohon bututun. Jiya muka ɗaura sabon, zaren rawanina ya miƙe sosai.

Na gaya maka wanda na fara jin maganar a bakinsa, ban gaya maka na ƙarshe ba. Ranar da Innarku ta cika kwana takwas a ɗakin, da la'asar, ta dubi ragar nan ta ce, "Malam, anya abin nan naka yana aiki kuwa?" Na ce mata aikin hannuna ne, zafin jikinta ne kawai. Ta ce to, ta juya ta fuskanci bango. Shekara arba'in da ɗaya ban kira sunanta ba, yau zan rubuta shi. Kulu ce ta gaya min.

Ku sa ta a addu'a. Ka huta lafiya.

Mainasara