'Yan Togo Sun Ga Ɗana

Asabar da dare, Unguwar Romi

Rubutun nawa dama da ƙyar. Yau na je Nasarawa kallon gasar ƙwallon baƙi mazauna Kaduna, 'yan Togo da 'yan Kamaru. Ɗana Ishaya yana buga wa Togo saboda marigayi babansa ɗan can ne. Da na ɗauka wasa ne kawai.

Ya ci ƙwallo biyu, suka ɗaga shi sama suna ihu, "Kojo! Kojo!" Tun rasuwar babansa ban ƙara jin an kira shi haka ba. Kuma ya amsa, har da dariya.

Wani dattijonsu ya tare ni ya ce, "Madam, yaron nan jininmu ne. Bayan Kirsimeti zan kai shi gida ya ga kakanninsa, akwai kulob a can." Na ce Allah ya kai mu. Shi kaɗai gare ni. In ya tafi bai dawo ba, ina zan nufa?

Ɗazu yana cin tuwo ya ɗago kai. "Mama, kwana nawa ne a mota zuwa Lome?"

Na ce ya ci kafin tuwon ya huce. Ga shi can yana barci, ko rigar Togon bai cire ba.