Fumfunar Kaka Za Ta Sama

Malang, 9 ga Maris

Zuwa ga Yaya Wiryo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, kai da Anti Lastri da yara. Allah ya ƙara wa gwiwarka sauƙi, ya tsare ku daga sanyin Rotterdam. Mama tana nan garau, sai dai yanzu 'ya ɗaya gare ta. Hoton ƙanwarmu Kinasih cikin rigar 'yan sama jannati ya hau bangon falo, daidai inda takardar digirina na uku take. Ita takardar an mayar da ita bayan firji, wai kada rana ta ci ta.

Ka dai ji a watan Yuli ƙanwarmu za ta tashi zuwa sararin samaniya, mace ta farko daga ƙasar nan. Abin da jaridu ba su faɗa ba shi ne gwajin da za ta yi a can. Tempe za ta haɗa, abincinmu na waken suya, a ga ko waken zai dunƙule a inda babu nauyi. Fumfunar da ke dunƙule waken kuwa ta Kaka ce, wadda na kankaro daga ganyen da take rufe tempe da shi, na yi shekara sha ɗaya ina renonta a ɗakin gwajina. Babu mai ita sai ni. Ran Lahadi Kinasih ta zo roƙon fumfunar, da mai ɗaukar hoto a bayanta. Ta ce kuma ni zan riƙa haɗa irinsa a nan ƙasa, lokaci guda da ita, don a kwatanta. Na ce wato aikina in zauna inda nake, kada in canja. Mama ta ce ai dama na iya.

Kwana uku ina shawarar hana ta. Ka tuna tare da ita muka cika takardar neman shiga shirin zuwa sama, ni aka cire saboda tabarau. Daga ƙarshe na kira ta, na ce zan bayar, amma sai sunana ya zo farko a rahoton binciken. Na shirya wa faɗa, Yaya, har hujjoji na rubuta. Ban rufe baki ba ta ce to, Hajiya Farfesa, a sa naki kaɗai ma in kina so, ni ana jirana wurin awon hular 'yan sama jannati. Da ta yi gardama ko ta minti ɗaya, da na ji sanyi. Jiya na aika mata da kwalbar fumfunar.

Ka gaishe da Anti Lastri, da Bagas da Nawang. Mama tana gaisuwa, ta ce ka tara maƙwabta ranar tashin.

Taka ƙanwa,
Ratri