Katan Ɗin Giya Don Cornelius

Adda Fatimatu, ki taimake ni kafin in aikata abin da zuciyata ke raya mini.

Ni malamin firamare ne a Jekadafari. Shekarar ƙarin albashin Udoji abokina Cornelius ya fara ja na gidan giya. Shi kwalba biyu yake sha ya tashi, ni kuwa sai an ɗauke ni. Kafin shekara biyu matata Selina ta koma gidansu a Kaltungo, hedimasta ya taɓa fitar da ni daga aji a gaban yara. Da taimakon Allah da na fastonmu na daina, yau wata goma sha ɗaya ko ɗigo.

Bayan na daina, ran bikin ƙanwarsa, Cornelius ya shiga tsakiyar fili yana kwaikwayon tangaɗina, yana kiran sunana. Kowa ya yi dariya, har da surukina. 

Yanzu abin ya juyo kansa. Giya ta kama shi, likita ya ce hantarsa ta taɓu. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji. Niyyata in riƙa kai masa katan ɗin giya kowace Asabar, in zauna ina kallonsa yana sha, har ranar da za a tsamo shi daga kwata. Ko na yi laifi?

Wanda Aka Yi wa Dariya, Gombe

Ɗan'uwana, an ci mutuncinka, kuma ba zan ce ka yafe yau ba. Jin zafin wulaƙanci alama ce ta darajar kanka ta dawo. Lokacin da kake sha, ai ba ka jin komai. Wannan darajar ce ta riƙe ka wata goma sha ɗaya.

Amma ka duba shirin nan. Kai za ka shiga wurin mai giya, kai za ka ɗauko katan, kai za ka zauna kana shaƙar warinta. Asabar nawa za ka yi kafin ka buɗe ɗaya? Giya ce ke kiranka, ta ari muryar fushinka. Kuma in Cornelius ya mutu, da hannunka a ciki.

Shi ma mara lafiya ne, watakila tsoron halin da yake ciki ne ya sa shi dariyar. Ba dole ka yi jinyarsa ba, amma ka nisance shi. Ka faɗa wa fastonku wannan niyya kamar yadda ka faɗa mini, cikin makon nan. Mutumin da ya san darajarsa ba ya jiran wani ya faɗi kafin ya miƙe.

Allah ya ƙara maka ƙarfin zuciya, ya sanyaya maka rai.

Adda Fatimatu