Gefen Kunnena Kaɗai Ya Fito

Auta,

Na dawo ba ka nan, kuma zan sake fita. Faifan ajiyar hotunan da ka yi wa fomat jiya bisa kuskure, komai ya goge, na kai wa mai gyaran kwamfuta. Ya ce hotunan ba su mutu ba, hanyarsu ce ta ɓace. Ya dawo da ɓangare ɗaya, na zauna na kalla.

Duk na 'yarka ne, amaryata, kuma ko'ina surukinka ne. Shi ya rungume ta a asibiti, shi take ja wa gemu. Ni da take jiƙa wa riga kullum, sau ɗaya na fito, shi ma gefen kunnena ne.

Saura ɓangare na biyu, sai gobe. Ban bar faifan a shago ba, yana kan teburinka. Kada ka jona shi, kada ka zuba masa komai, don sabo yana danne tsoho har abada. Ina kyautata zaton ina cikin ɓangare na biyun. In aka buɗe babu ni, to ba faifan ne ya goge ni ba, mai ɗaukar hoton ne, kuma na san shi.

Babanka