Ruwan Talata

Talata, 4 ga Nuwamba

Yau ma rabin aji. Na taso daga unguwarmu Zariya tun gari bai gama wayewa ba, na sha sanyi a bayan kabu-kabu har Jiratawa, na ƙara da tafiyar ƙafa zuwa makarantar nan tamu ta bayan gari, duk don in zo in koya wa benci lissafi. 'Yan turuwaziyam fa, ajin ƙarshe, masu jarrabawar brebe a bana! Na tambayi Hidaya, shugabar aji, ina sauran. Ta ce, "Madam, yau ruwansu na." Na ce ruwan ne zai rubuta musu jarrabawa? Ta sunkuyar da kai, 'yan baya suka ƙunshe dariya.

Na gaji. Shekarata ta biyu ke nan a nan, kuma in Allah ya yarda ta ƙarshe. Kawu Idirisa ya ce ya san wanda zai iya maido ni cikin gari.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Sun dawo, kowa da taɓon jiya a ƙafa. Na tsaya a bakin ƙofa na ce daga yau duk wanda bai wanke ƙafa ba, ba zai taka mini aji ba. Ni ba gona nake koyarwa ba.

Don in kunyata su, na kira Ya'u allo, na ba shi aikin da na koyar jiya ba ya nan. Ya tsaya yana kallonsa, ya sosa ƙeya, ya yi shi daidai ta wata hanya da ban ma koyar ba. Yaron nan yana ba ni haushi. Da daƙiƙi ne da ban damu ba.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Lokacin hutu Malam Barnaba, mai koyar da tarihi, ya zaunar da ni gindin dogon yaro yana yi mini bayanin ruwan nan. Shi mutumin Tsibiri ne, yana da ɗan lambu, kuma ba ya gajiya da magana. Ya ce famfo ke tura ruwa cikin kanal, magudanar da ke ratsa fadama, kowane layin gonaki da ranarsa, kuma layin yawancin 'yan ajina Talata ne. Ba wanda ya san sa'ar da zai zo, sai lokacin da aka kawo wuta famfo ya tashi. In ruwa ya iso bakin gonarka ba ka tsaye, mai rabon ruwa ya wuce da shi gaba, sai wani mako.

Na ce to ina iyayensu? Ya ce, "Madam Zuliha, wani yana da uba, wani shi ne uban."

Tururuwa ke hawa mini ƙafa, hankalina na can.

Talata, 18 ga Nuwamba

Benci. Ciwon kai. Kabu-kabu ya yi faci a hanya.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Na samo maganinsu. Na sanar cewa babban gwajin wannan zango ranar Talata 2 ga Disamba za a yi shi, kuma wanda bai zo ba sifiri ne, ba roƙo, ba ramuwa. Ya'u ya ɗaga hannu.

"Madam, ko a maishe shi Laraba? A satin ne za mu yi dashen tattasai."

Na ce ni ban dasa komai ba. Aka yi dariya, har ni na ji daɗin maganar.

Darakta ya ce haka ake so, a nuna musu makaranta ba wasa ba ce. Na dawo gida da sauƙin zuciya, har na ci tuwon Inna na nemi ƙari.

Talata, 2 ga Disamba

Aji ya cika maƙil, har wasu uku-uku a benci. Ƙafafu tas. Na yi ta zagayawa ina jin kaina.

Ana tsakiyar rubutu sai ƙugin famfo ya taso daga fadama. Ni da ban taɓa kula da shi ba, yau na ji shi, don kawuna sun ɗago gaba ɗaya kamar an kira sunansu. Na buga tebur, suka koma. Ya'u kuwa alƙalaminsa gudu kawai yake. Can ya miƙe ya aje mini takarda, ko kallona bai yi ba. Ta taga na hango shi ya cire takalma ya riƙe a hannu, ya yanki gonakin gero da gudu.

Na dai yi nasara. Ban san abin da ya sa abincin rana ya ƙi shiga ba.

Asabar, 6 ga Disamba

Gyaran takardu tun safe. Yawanci abin kuka. Ya'u sha takwas bisa ashirin, ba wanda ya ko matso kusa da shi. Tambayar ƙarshe kawai ya bari rabi.

Tun Talata bai zo ba.

Laraba, 10 ga Disamba

Na raba takardu, tasa ta rage a hannuna. Bayan an tashi na tsare Hidaya. Da ƙyar ta yi magana. Ta ce sauran kowa ya samu wanda ya tsaya masa, wani babansa, wani wansa. Ya'u babansa ya rasu bara, ƙannensa ƙanana ne, uwarsu kuma ranar tana asibiti da autarta. Ya yi zaton wuta ba za ta zo da wuri ba. Kafin ya isa ruwa ya wuce layinsu. Dashen sabo ne, bai kama ƙasa ba, bai iya jiran wani mako ba.

Na ce yanzu yana ina? Ta ce ƙwadago yake yi a gonakin mutane.

Na ce ta tafi. Ba ni na hana ruwa tsayawa ba. Ba ni na tsara musu wannan rabo ba. Malamar lissafi ce ni, an ce in shirya su brebe, shi nake yi. Na faɗa wa kaina haka har Zariya.

Litinin, 15 ga Disamba

Surbeyan, mai kula da rajistar ɗalibai, ya ce in Ya'u bai dawo ba zuwa ƙarshen Janairu za a cire shi, ba brebe. Ya faɗa yana cin gyaɗa.

Takardar na cikin jakata. Kullum in na nemi alli sai na taɓo ta.

Asabar, 20 ga Disamba

Na je. Ban yi niyya ba sosai, na ce wa Inna zan sayo zogale a Jiratawa, ya fi arha.

Hidaya ta kai ni. Ban taɓa shiga fadamar ba, shekara biyu ina wuce ta. Kore ko'ina, alkama, albasa, tattasai har gwiwa, sai ga wani fili a tsakiya fari fat, da 'yan tsinke-tsinke a jere sun bushe a tsaye. Ba sai an gaya mini na wa ne ba.

Uwarsa, Tsahara, tana gefe tana tsinke hakin da ba shi da amfanin tsinkewa. Na yi shirin zagi, wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ta shimfiɗa mini buhu, ta ce in zauna kar zanena ya ɓaci.

"Ke ce Madam ta lissahi? Yana maganarki ƙwarai."

Na yi mata gaisuwar rashi, wadda ta makara da shekara guda. Na ce ban san abin zai kai haka ba.

"Ni nac ce ya tahi," in ji ta. "Ya ce kin ce wanda bai zo ba sihiri na. Nic ce to tahi, ubanka bai yi karatun lakwal ba, kai ka yi. Allah bai nuhe mu da tattasai bana ba."

Na ce ya kamata ya dawo, kansa na ja, irinsa ba su da yawa. Ta ce ta sani, amma ko sun sake shuka wani abu, Talata dai tana nan, kuma ba ta da wani Ya'un.

Shi na hango shi can nesa, yana ɗauke da buhun taki a gonar wani. Ya gan ni sarai. Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Ban kira shi ba, ban san da wane baki zan kira shi ba.

Na dawo ban sayi zogalen ba. Inna ta dube ni ta dubi hannuna.

Lahadi, 28 ga Disamba

Hutu. Ina ta barci amma gajiyar ba ta fita. Kawu ya ce maganar maido ni gari tana tafiya.

Litinin, 5 ga Janairu

Na roƙi Darakta a ɗauke lissafin turuwaziyam daga safiyar Talata. Ya ce in ya taɓa awa ɗaya sai ya rushe na malamai duka, kuma sauran azuzuwa ma suna da ranakun ruwansu, ina za a tsaya? Ya tuna mini cewa ni na kawo dabarar gwajin. Na gode masa da tunin.

Ina fita ya ce, "In kina son zama da yamma, ajin ba kulle shi ake ba. Amma ba wanda zai biya ki."

Da yamma! Ni da nake ƙirga mintocin tashi.

Malam Barnaba ya ji mu. Ya wuce abinsa, abin mamaki ga mai surutu irinsa. Ashe cikin hutu ya kai wa Tsahara irin salak, wato latas, daga lambunsa, wai shi yana saurin yi. Hidaya ce ta gaya mini.

Talata, 13 ga Janairu

Na koyar da safe ga masu zuwa, na zauna, na maimaita bayan la'asar ga 'yan ruwa. Na ce gwadawa kawai nake, in ba su zo ba na huta. Sun zo, ba duka ba. Wasu na gyangyaɗi, ɗaya ya kawo mini albasa. Ba Ya'u.

Na isa gida ana kiran magariba, bayana kamar an daka. Inna ta ce, "Zuliha, aikin gwamnati ne ko naki?" Na ce na gwamnati ne.

Talata, 20 ga Janairu

Sun ƙaru. Ya'u dai shiru. Na ce wa Hidaya ta gaya masa takardarsa ta ishe ni nauyi a jaka, ya zo ya karɓi abinsa. Ta ce ta gaya masa tun wancan mako. Na ce ta sake.

Da safe famfo bai tashi da wuri ba, na kama kaina ina kallon taga ina jin haushin masu wuta. Ina ruwana?

Talata, 27 ga Janairu

Na fara darasin yamma, na juya zan ɗauki alli, sai ga shi a bakin ƙofa. Ya rame. Taɓo har gwiwa, daga kanal yake. Bai shigo ba, sai duban ƙafafunsa yake yana waige-waigen inda zai samu ruwa. Sai da na ɗan jima kafin na gane dokata yake bi.

Na ce, "Shigo, kana tare mini haske."

Na ba shi takardar. Ya dubi makin, bai yi murmushi ba. Ya sa yatsa a kan tambayar ƙarshe.

"Wagga na san ta, Madam. Hwamho ne yat tashi."

Na miƙa masa alli na ce to ga allo, yau ba inda za ka. Ya ƙarasa ta, aji na kallo, ba kuskure ko ɗaya. Na karɓi takardar na gyara makin. 

Ya ce salak ya kama. Ya ce gobe zai zo da safe. Zan ga Surbeyan kafin ya fara cin gyaɗarsa.

Kawu ya kira har sau biyu ina cikin aji. Zan kira shi, ba yau ba, ba ni da kuɗi a waya. Ko ma mene ne ai sai bayan brebe.

Da aka tashi sawun Ya'u na nan a ƙasa, tun daga ƙofa har gaban allo. Hidaya ta ɗauko tsintsiya. Na ce ta bari sai gobe, yamma ta yi.

Yammar ce kawai.